Wace shekara za mu rubuta a kalandar garinmu?

Nasiru Sakatare: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Kamar yadda aka tsayar a zaman ƙaramar Sallah, ƙungiya za ta buga kalanda bana. Mai bugawa a Kano ya ce mu ba shi gajeren tarihin gari, layi uku zuwa huɗu, wanda zai zauna ƙarƙashin hoton Bulama. Ga abin da na rubuta: "An kafa garinmu sama da shekara ɗari biyu da suka wuce a ƙarƙashin masarautar Gumel, kuma tun daga lokacin yana nan inda yake." Wanda ya ga gyara ya yi magana kafin Alhamis, ranar zan tura.

Bala Direba: Ya yi, a tura. Amma don Allah a sake hoton masallaci, na bara ya fito kamar cikin hazo aka ɗauka.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Nasiru, sannu da ƙoƙari. Farkon maganarka zan iya barin sa, ƙarshenta ne ba zai tsaya ba. Kai da kanka ka yi kiwo a Kufai kana yaro. Kufan me ne ne? Wa ya haƙa rijiyar da ke can, wa ya shuka kukokin, su wa ke kwance a tsohuwar maƙabarta? Kakanninmu ne. Kuma Kufai yana bayan tangaraho, ƙarfen nan na alamar iyaka, wato yau a Nijar yake. Garin da ya shekara ɗari biyu wancan ne. Wannan da muke ciki ƙaninsa ne.

Nasiru Sakatare: Kawu, na san da Kufai. Na ɗauka unguwa ce ta gari da ta mutu, ba garin ba ne ɗungurungum.

Isufu Dungas: Taubashi, unguwa? Allah ya shirye ka. Ku ne unguwa. Mu da muka tsaya kusa da rijiya mu ne gari. Ku gudu kuka yi, sai yanzu kun samu siminti da kwalta kuna son ku ce ku ne manya.

Nasiru Sakatare: Kai dai ka fara biyan ni kuɗin shara na bara kafin ka shiga maganar manya.

Alhaji Sale: Ni ban ga amfanin tone-tonen nan ba. Kalanda ce, ba littafin makaranta ba. Za a rataye ta a shaguna da ofisoshi har Dutse. Mu da hannunmu mu rubuta cewa asalinmu Nijar? Malam Habu, ka san abin da ake faɗa mana duk lokacin zaɓe. Ka san abin da yaranmu ke sha wajen neman takarda. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. A bar yadda Nasiru ya rubuta.

Malam Habu: Yaya Alhaji, na ji tsoronka kuma ba na raina shi. Amma ban ce asalinmu Nijar ba. Lokacin da aka haƙa rijiyar Kufai babu Nijar, babu Najeriya. Ka ba ni dama in shimfiɗa abin yadda yake, in ya so sai a yanke.

Kafin Turawa, wannan yanki namu bai da iyaka irin ta layi. Abin da ake da shi shi ne wa kake kai wa gaisuwa, wa zai kare ka in mahara sun zo. Gumel ta Mangawa ce, kuma Borno take bi. Ba ta karɓi tutar Sakkwato ba, jihadi ya zo ya wuce tana nan a gefen Borno. Damagaram ma Borno take bi a farko, sai da ta yi ƙarfi, musamman zamanin Sarki Tanimu wanda ya rasu a 1884, mai igwa da ganuwa, ta fara cin gashin kanta. Kudu da mu Kano da Haɗeja, su kuma na Sakkwato ne. To ka ga ƙauye irin namu tsakanin manya huɗu yake zaune.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: ita kanta sarautar Gumel a Tumbi take da zama kafin ta komo Gumel wajejen 1845. Tumbi kuwa yau tana cikin Nijar. Ban taɓa jin wanda ya ce saboda haka Lautai, wato masarautar Gumel, ba ta Najeriya ba ce. In fada ta taso daga arewa ta dawo kudu ba a ga laifinta ba, don me talakanta zai ɓoye nasa tashin?

Musa na Ruga: Yau ga Barebari suna neman asalinsu a waya. Ku tambaye mu, mu muka san inda muka tsince ku.

Bala Direba: Bafulatani da tarihi! Kai da ko bukkarka ba ta kwana biyu wuri ɗaya.

Malam Habu: Musa, zan zo kanka, akwai jangali a gaba.

Sai Turawa suka zauna can ƙasarsu suka fara ja mana layi a takarda, kuma ba sau ɗaya ba. Na farko a 1890, Ingila da Faransa suka ce daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Chadi, arewa ta Faransa, kudu ta Ingila. A lokacin babu sojan ko ɗayansu a Kano ko Damagaram. Na biyu a 1898, suka sake zama suka zana wani: ya zagaye Sakkwato da nisan mil 100, sannan a ɓangarenmu ya bi ta kudu da birnin Damagaram amma arewa da Magarya da Dungas. Ku lura da kyau. A wannan layin na 1898, Magarya da Dungas da Tumbi da Kufai duk a rabon Ingila suke. Isufu, kakanka ya yi shekara shida yana ɗan Ingilishi a takarda bai sani ba.

Faransawa suka ci Damagaram a 1899, suka kashe Sarki Amadu Kuren Daga, wanda a baya ya kai yaƙi har Gezawa zamanin Sarkin Kano Alu. Da suka zauna sai suka ga layin ya cuce su. Hanyar da ta rage musu daga Kwara zuwa Damagaram ta bi ta inda babu rijiyoyi, ayarinsu na wahala, ga kuma rabin ƙasar da ke bin Damagaram ta faɗa hannun Ingila. Suka yi ta ƙorafi. Ingila ta ci Kano a Fabrairun 1903, a shekarar Mai Gumel Ahmadu ya yi mubaya'a ba tare da yaƙi ba. A 1904 ƙasashen biyu suka yi babban sulhu kan rigingimunsu na duniya, a ciki aka turo layin kudu, da sharaɗin a bar wa Faransa mutanen da ke bin Damagaram da Maraɗi da Tasawa gwargwadon iko. Aka ƙara gyara shi a 1906. Daga 1906 zuwa 1908 Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi ƙasa da ƙafa da doki, suna tambayar masu gari wa suke bi, suna kafa alamu guda 148 daga Kwara zuwa Chadi. Aka sa hannu na ƙarshe a 1910. Tangarahon da ke bayan gonar gidan Liman daga wannan aikin yake.

Ƙarin abin mamaki, cikin abin da Faransa ta bayar a 1904 don ta samu wannan gyara har da haƙƙinta na kamun kifi a gaɓar Niyufanlan, can wajen Kanada.

Bala Direba: Tsaya Malam. Kana nufin da kifi aka yi musayar su Isufu?

Isufu Dungas: Ko ba komai mu an biya wani abu a kanmu. Ku kyauta aka bar ku.

Nasiru Sakatare: Kawu, to ni abin da ban gane ba, tunda Tilho ya tambayi masu gari wa suke bi, me ya sa Kufai ya faɗa Faransi? Ba Gumel muke bi ba?

Malam Habu: Nan ne takarda ta ƙare, sai baki. Abin da na ji daga mahaifina shi ne Bulaman wancan lokaci yana kai gaisuwa wuri biyu. Damen gero da rago su tafi Gumel don nan ne gida, wani kason ya tafi arewa don a kwana lafiya. Bayan Rabe ya rushe Kukawa a 1893 babu wani babba a Borno da zai tsawata wa Damagaram, mai ƙauye kuwa ba ya gardama da mai igwa. To ranar da Bature ya zo da tafinta ya ce wa kuke bi, amsar ta danganta da wanda ke tsaye kusa da Bulama a ranar. Yaya Rabi ta fi ni sanin abin da ya biyo baya, ita ta tashi a ɗakin Iya.

Hajiya Rabi: Salamu alaikum. Ina aiki ne, sai yanzu na karanta. Habu ya kawo na Turawa, bari in kawo na ɗaki.

Iya, wato kakarmu ta wajen uba, tana yarinya aka tashi, ba ta kai aure ba. Ba ta taɓa ce mana Nijar ko Najeriya ba har ta rasu, Faransi da Ingilishi take cewa. Ta ce da aka kafa ƙarfen ba wanda ya damu, an ɗauka wani abin Nasara ne kamar sauran. Mutane na noma gonakinsu gaba da bayansa. Shekarar Kakalaba ma, yunwar 1913 zuwa 1914, ba ta tashe su ba, don rijiyar Kufai ba ta ƙafe ba, har mutanen wasu garuruwa suka zo suka raɓa. Abin da ya tashe su aikin dole ne. Sojan kwamandan, wato Baturen Faransa mai mulkin yankin, su zo a kan raƙuma su ce a ba da maza kaza, a tafi da su ɗaukar kaya ko gyaran hanya ko ginin bariki, babu lada, wani lokaci a tsakiyar damina. Ga kuɗin kai, kuma sai da kuɗin Faransi za a biya. Sannan aka fara ɗibar samari soja lokacin yaƙin Jamus na farko. Yayan Iya na cikin waɗanda aka rubuta.

Ta ce bayan an gama girbi aka yi shawara a ɓoye, mata ba su sani ba sai daren. Aka kwance azara da ƙyauren ɗaki aka ɗora wa jakuna. Uwarta ta ɗauki turmi a ka, ita aka ba ta taɓarya da 'yar tukunya. Aka ɗaure wa awaki baki. Tafiyar ba ta kai ta tsakanin Magariba da Lisha ba, amma ta ce ba ta taɓa yin tafiya mai nisanta ba, don an hana kowa tari. Da gari ya waye suna cikin gonarsu ta kudu, wadda dama tasu ce, suka kafa bukkoki. Wato ba ƙasar wani suka je ba. Daga gida suka koma gona.

Turmin nan yana nan a gidan Baffa Idi, ya tsage ta gefe, an ɗaure shi da waya.

Ba kowa ya taso ba. Ƙanin Bulama ya ce ba zai bar kabarin ubansa ba, shi da gidaje kamar bakwai. Daga baya kwamandan ya naɗa shi mai gari. Su ne kakannin su Isufu. Da rijiyar ta fara rushewa suka matsa gaba kaɗan, shi ya sa Kufai ya zama ba kowa, mu mun yi kudu, su sun yi arewa, shi yana tsakiya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, ta ce shekara uku ba su da rijiya a sabon wuri. Kullum da asuba mata su tsallaka Faransi su ɗebo ruwa su dawo Ingilishi su dafa tuwo. Maza ne ba sa tsallakawa.

Isufu Dungas: Gwaggo, Allah ya jiƙan Iya. Haka muka ji a wajenmu, sai dai mu ana cewa gidaje tara ne suka tsaya, ba bakwai ba. Kuma wani abu da ba ku faɗa ba: da ku kuka tahi, lanhon gari duka, wato haraji, a kan waɗanda suka tsaya ya faɗa, don a takardar kwamandan yawan mutane bai ragu ba. Kakana ya ce shekara biyu suna biyan kuɗin kan mutanen da ke Ingilishi. Aikin dole kuwa bai ƙare ba sai 1946 da aka yi doka a Faransa aka soke shi. To in za a rubuta tarihi, a rubuta cewa wasu sun biya wa wasu.

Hajiya Rabi: Wannan gaskiya ne Isufu, kuma Iya ta faɗa. Ta ce shi ya sa duk kaka ake aika dame arewa, ba sadaka ba ce, bashi ne. Ni na ga ƙarshen abin da idona ina yarinya, ban san dalilinsa ba sai da na girma.

Musa na Ruga: Tunda an zo kaina. Ku kuna maganar tashi sau ɗaya, mu a shekara sau biyu muke yi. Baffana ya ce in malaman jangali na En'e sun fito ƙirga, shanu su kwana Faransi. In na can sun fito, su kwana Ingilishi. Ƙarfen nan ba abin da ya fi shi amfani a wajenmu. Sai da Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, lokacin muna jihar Kano, sannan saniya ta san ƙasarta.

Ɗanlami: Iyayena ku yi haƙuri in sa baki. Labarin yana da daɗi a nan cikin zaure, amma ni na ɗanɗana ɗaya gefen. Lokacin da nake neman takardar shaidar ƙaramar hukuma don shiga jami'a, wani ma'aikaci ya dubi sunan garinmu ya ce ku ai 'yan Nijar ne, ya ajiye takardata. Sai da na yi zuwa huɗu, sai da Bulama ya rubuto, sannan aka sa hannu. Abokina da muka je tare daga wani gari ranar ya karɓi tasa. Yanzu a ce ga kalanda da tambarin ƙungiyarmu tana cewa tsohon garinmu na Nijar, wallahi irin wannan mutumin a bangon ofishinsa zai manna ta. Ina bayan Baba Alhaji.

Alhaji Sale: Ka ji ko, Malam Habu. Kai kana aji kana koyarwa, mu muke kasuwa. Shekara talatin da wani abu ina cin kasuwar Maigatari duk Alhamis. Raƙuma da shanu da tumakin da ke cika kara daga arewa suke zuwa, hatsi da kayan masarufi daga nan suke tafiya, kowa ya san haka. Amma duk ranar da Abuja ta yi fushi, mu ne na farko da ake kira 'yan fasa-ƙwauri. A 1984 aka rufe iyaka aka canja kuɗi, ba a buɗe ba sai 1986, ga fari. A 2019 aka sake rufewa daga Agusta har Disambar 2020, har aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, muna Najeriya muna sayen fetur a galan kamar baƙi. A 2023 da sojoji suka kifar da Bazoum aka sake garƙamewa, sai Maris na 2024 aka buɗe. Duk wannan a kanmu ya ƙare. Mutumin da ake zargi ba ya ƙara wa kansa shaida.

Isufu Dungas: Baba Alhaji, yunwar 1984 mu a nan El-Buhari muke ce mata, har yau tsofaffi da sunan suke lissafin shekarun yara. Ina lakwal aji biyu lokacin. Kuma ban manta ba, da dare amalankenka ta zo ta bayan Kufai da buhu biyu na gero, babana ya yi kuka. Ranar ba ka ce ba ka san mu ba.

Alhaji Sale: Isufu, wannan daban. Zumunci a zuci yake, ba sai an buga shi a kalanda ba.

Sani Tela: *An goge wannan saƙon.*

Baffa Idi: Ni na goge saƙon Sani. An ce tarihin gari, ba a ce a fara lissafin kakar wa aka kamo a yaƙi, kakar wa aka saya ba. Zamanin hare-hare babu gidan da bai taɓa ba, wanda bai rasa ba ya samu. Duk wanda ya sake kawo sunan gidan wani zan fitar da shi, ko ɗana ne. Ku ci gaba.

Sani Tela: Tuba nake Baffa, wasa na yi niyya.

Malam Habu: Ɗanlami, abin da aka yi maka zalunci ne, kuma jahilci ne. Sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 ya fayyace ɗan ƙasa ta haihuwa: wanda aka haifa a Najeriya bayan samun 'yanci, in ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne, shi ma ɗan ƙasa ne. Kakanninka suna biyan haraji ga En'e ta Gumel tun kafin a haifi wanda ya riƙe maka takarda, tun kafin 1960, tun kafin a yi jihar Kano a 1967, balle Jigawa ta 1991. Amma ka duba, lokacin da ya ce maka ɗan Nijar babu wata kalanda. Ɓoyewar da muke yi ba ta hana a faɗa ba. Abin da ta hana shi ne kai ka samu amsar ba shi. Da ka san labarin Tumbi da na layin 1898, da ka tsaya ka ce masa mu muna nan layi ya zo ya same mu, har sau uku yana canja wuri.

Yaya Alhaji kuma, ni abin da ke damuna da rubutun Nasiru ba kunya ba ce ko alfahari. In muka buga cewa gari bai taɓa motsawa ba, nan da shekara ashirin jikokinmu za su yarda, don shi ne a rubuce. Ranar da rigimar gona ta tashi a Kufai, ko wani ya zo zai nome maƙabarta, da wane baki za su ce ta kakanninsu ce?

Ɗanlami: Kawu, a gaban tebur ɗin mutumin nan ba a karanta sashe na 25. Amma maganar maƙabarta ta shige ni. Ban taɓa zuwa ba ma.

Hajiya Rabi: Ba ka taɓa zuwa Kufai ba? Tafiyar da ba ta kai zuwa kasuwa ba? Laifinmu ne wallahi. Mu muna yara ranar Sallah bayan an sauko idi can ake zuwa ziyara, mutanen arewa su zo, mu mu je, a haɗu ƙarƙashin kuka a yi addu'a a raba tuwon Sallah. Wani lokaci ma su sun yi Sallarsu jiya mu yau muke yi, don ganin wata ya bambanta, sai a ci tuwo kwana biyu. Rufe iyakar 1984 ce ta fara kashe abin, daga nan bai dawo daidai ba.

Bala Direba: Ni dai ina da tambaya. In Kufai ne gari, kuma mu da su Isufu duk daga can muka fito, wane Bulama za a sa a kalandar? Kada a buga a zo ana rigimar rawani.

Isufu Dungas: A sa namu a sama, naku a ƙasa, yadda taswira ta nuna.

Nasiru Sakatare: Taubashi, ka ci bashi biyu ke nan. To iyayena, ga gyaran da na yi, ku duba: "Kakanninmu sun kafa gari a Kufai a ƙarƙashin masarautar Gumel tun kafin zuwan Turawa. Bayan an shata iyaka tsakanin 1906 da 1908, suka dawo gonakinsu na kudu, inda garin yake a yau." Na cire shekara ɗari biyu tunda ba mu da tabbacinta. Ban sa sunan wata ƙasa ba.

Malam Habu: Babu ƙarya a ciki. Da son raina ne da an ƙara layi ɗaya kan 'yan'uwanmu da suka tsaya, don su ma Kufai nasu ne. Kuma "suka dawo" ta yi laushi, kamar yawon shan iska suka fito. Gudun aikin dole suka yi, a faɗa.

Alhaji Sale: Kada a sa gudu. Ba za a rataye a shagona cewa kakana ya gudu ba.

Hajiya Rabi: Yaya Alhaji, Iya da bakinta hijira take cewa.

Alhaji Sale: To a sa hijira. Hijira ba abin kunya ba ce. Layin 'yan'uwa kuma a ce "wasu daga cikin danginsu suka zauna a arewa", kada a wuce haka. In an yi haka ni zan biya rabin kuɗin bugawa. Amma hoton ƙarfen nan kada ya shiga, na san Habu zai kawo shawarar.

Malam Habu: Da na kawo, amma na janye. A sa rijiyar.

Baffa Idi: Rijiya ta yi. Sai dai kada wani yaro ya ɗauki waya ya tsallaka yana ɗaukar hoto a bakin iyaka yadda abubuwa suke yanzu, a kama shi a ce leƙen asiri yake. Isufu, kai ne a can, ka sanar da mai garinku tukuna sannan ka ɗauko mana. Nasiru, ka ce wa mai bugawa ya ƙara mana mako ɗaya. Kuma tunda abin ya zo, Inna Delu na cikin waɗanda suka rage da suka ji daga bakin masu hijirar kai tsaye, ta haura tamanin, kunnenta ya fara nauyi. Ɗanlami, kai da ba ka san Kufai ba, kai za ka je ka zauna da ita ka naɗi muryarta. Ka tafi da goro, ba ta magana sai da shi.

Ɗanlami: To Baffa, ranar Juma'a in sha Allah. Gwaggo Rabi, ki turo mini tambayoyin da zan yi mata, kada in je in yi shiru.

Hajiya Rabi: Ka fara tambayarta gidaje nawa suka tsaya, bakwai ko tara. Sauran za ta kawo da kanta, sai ka gaji.

Isufu Dungas: Tara ne. Baffa, zan je gobe da sahe kafin rana ta yi. Amma ku sani bakin rijiyar ya rufta ta gabas, kuma wata ƙaya ta fito a ciki. In sare ta kafin in ɗauka, ko in bar ta yadda take?

Malam Habu: Bar ta.